Tarihin Tseren Keke Na Kwana Da Kwanaki A Tsaunukan Kolambiya

 A wannan shafi muke buga amsoshin tambayoyin da kuke aiko mana a rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya adana.

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye a yankin Funtuwa, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce shekara da shekaru yana cin kasuwa a kan keke, rani da damina, bai taɓa ɗaukar keke abin wasa ba. To yanzu ɗansa, saurayi ɗan shekara 17, ya ƙwallafa rai a kan tseren keke, har ya ba shi labarin wai akwai ƙasar da ake kwana da kwanaki ana tsere a kan duwatsu cikin ruwan sama da ƙanƙara, kuma wai masu yin ba albashi ake biyansu ba. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne? In gaskiya ne, wace ƙasa ce, yaushe aka fara, kuma me suke samu? Daga ƙarshe ya ce mu faɗa masa tsakani da Allah, ya bar yaron ko ya hana shi.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka. Yaronka bai yi maka ƙarya ba. Ƙasashen da ake irin wannan tsere suna da dama, amma in ana maganar wanda talakawa suka kafa da ƙafafunsu, 'ya'yan manoma da yaran aike, a kan tsaunuka da hanyoyin taɓo, to sai a ambaci ƙasar Kolambiya da ke nahiyar Kudancin Amurka. Da harshensu na Sifaniyanci suna kiran tseren Vuelta a Colombia, wato zagaye Kolambiya. An fara shi a 1951, kuma tun daga nan ba a taɓa tsallake shekara ba, har a 2025 aka yi karo na 75.

Bari mu fara da ƙasar ita kanta, domin in ba ka san shimfiɗarta ba, ba za ka gane wahalar ba. Jerin tsaunukan nan da ake kira Andis, da suka bi gefen yammacin nahiyar, suna shiga Kolambiya sai su rabu gida uku kamar yatsun kaza. A tsakaninsu akwai kwaruruka biyu masu zurfi da zafi, inda kogin Magdalena da kogin Cauca suke gudana. Babban birninsu Bogota yana zaune ne a kan tudu mai tsawon mita 2,600 daga gaɓar teku. Don ka kwatanta, garin Jos da muke cewa yana da sanyi bai wuce kimanin mita 1,200 ba, kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan mai tallan shayi a Bogota yana sama da wanda ya hau ƙololuwar dutse mafi tsawo a ƙasarmu. Duk wanda zai tashi daga wannan birni zuwa biranen yamma, dole ya gangara kwari, ya hau wani tsaunin, ya sake gangarawa. Mutanen ƙasar kuwa manoma ne irinmu, suna noman kofi da rake da ayaba da masara da dankalin Turawa.

Sai kuma yadda tseren yake gudana. Ka san yadda fatake suke yi a da, ayari ya tashi da sassafe, ya yada zango da yamma, gobe a ɗora. To haka abin yake. Kowace rana akwai garin tashi da garin sauka, tafiyar da ke tsakaninsu ita ce zango ɗaya. Alƙalai suna riƙe da agogo, su rubuta awa da mintin da kowane mutum ya ci a hanya. Kullum sai a tara lokacin yau a kan na jiya. Ranar ƙarshe, wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙanƙanta shi ne zakara, ko da kuwa akwai ranakun da wasu suka riga shi shiga gari. Wanda kuma ya kasa ƙarasa zango ɗaya tak, don rauni ko don keke ya lalace, to shi da tsere sai baɗi.

Batun albashi kuwa, a wancan zamani hukumomin wasanni na duniya sun raba 'yan wasa gida biyu. Akwai waɗanda wasan ne sana'arsu, kamfani yana biyansu wata-wata, akwai kuma masu yi don sha'awa, waɗanda doka ta hana su karɓar albashi a kan wasan, kuma su kaɗai aka yarda su shiga gasar Olamfik. 'Yan tseren Kolambiya sun shafe sama da shekara 30 suna cikin wannan rukuni na biyu.

Yanzu sai tarihin. A ranar 9 ga Afrilu 1948 aka harbe wani shahararren ɗan siyasa mai suna Jorge Eliecer Gaitan a tsakiyar Bogota. Birnin ya kama da wuta, daga nan fitina ta bazu ƙauyuka tsakanin magoya bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu, masu ra'ayin riƙau da masu ra'ayin sassauci. Kimanin shekara 10 ana kashe-kashe, har aka ƙiyasta mutum wajen 200,000 sun halaka, akasarinsu mutanen karkara. Maƙwabci ya daina amincewa da maƙwabci, manomi ya bar gonarsa ya gudu birni. A tsakiyar wannan hali ne wasu mutane suka ce a shirya tseren keke da zai ratsa ƙasar, kamar yadda ake yi a Faransa tun 1903.

Mutane da yawa sun ɗauki maganar shirme, domin hanyoyin ƙasar akasari burji ne da turbar alfadarai. Jaridar El Tiempo ta Bogota ta ce za ta ɗauki nauyi, amma da sharaɗin a nuna mata cewa hanyar za ta biyu da keke. Sai wani saurayi mai suna Efrain Forero, ɗan garin Zipaquira da ya shahara da haƙar gishiri, ya ce shi zai gwada. A ƙarshen 1950 ya tashi daga Bogota ya nufi Manizales, garin manoman kofi da ke bayan tsauni na tsakiya, wata mota tana biye da shi. Da suka shiga tsaunin sosai sai taɓo ya fi ƙarfin motar, shi kuwa ya ci gaba, inda ya hawu ya hau, inda bai hawu ba ya tura, har ya riga motar isa Manizales. Gani ya kori ji, jarida ta cika alƙawari.

Ranar 5 ga Janairu 1951 mutum 35 suka tashi daga Bogota. An tsara musu zango 10 cikin kwana 13, tafiyar sama da kilomita 1,100, wato ta ɗan fi nisan Kano zuwa Legas. Zangon farko suka gangara daga sanyin Bogota zuwa Honda, gari mai zafi a bakin kogin Magdalena. Daga nan Fresno, sai Manizales, sai Cartago, sai Cali, suka juyo ta Sevilla da Armenia da Ibague da Girardot, suka dawo Bogota ranar 17 ga wata. Mutum 30 ne suka ƙarasa. Forero, wanda a lokacin shekararsa 20, ya cinye zango 7 cikin 10, ya gama cikin awa 45 da 'yan mintoci, ya ba wanda ya zo na biyu ratar fiye da awa biyu. In ka raba nisan da lokacin, za ka ga kusan kilomita 25 yake ci a kowace awa, a kan duwatsu da hanyar burji. Ka auna da tafiyarka ta zuwa kasuwa, Malam, ka ji yadda abin yake.

Wurin da ya fi ba su kashi shi ne mashigin Letras, tsakanin kwarin Magdalena da Manizales. In aka taso daga garin Mariquita, wanda bai wuce mita 500 daga gaɓar teku ba, hawa ne na kimanin kilomita 80, kwatankwacin Zariya zuwa Kaduna, sai 'yan gangare ƙalilan a tsakani, har a kai sama da mita 3,600. Akwai kuma mashigin La Linea tsakanin Armenia da Ibague, shi ma ya haura mita 3,200.

A nan ne maganar yanayi ta shigo, wadda ita ce gundarin tambayarka. Masana sun auna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau sama, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Saboda haka tsakanin gindin Letras da samansa akwai bambancin digiri kusan 20. Mutum ya tashi da safe cikin zafi irin na bazara yana gumi sharkaf, kafin la'asar ya tsinci kansa cikin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu, kuma hunturun nan da ruwa a ciki. Saman waɗannan tsaunuka ba ya rabuwa da hazo da yayyafi ko da a watannin da suke kira rani, a watannin damina kuwa, wato wajen Afrilu da Mayu da kuma Oktoba da Nuwamba, sai abin da ya ƙaru, wani lokaci har da ƙanƙara. Iskar can sama kuma ba ta da kauri, abin da mutum zai shaƙa a numfashi ɗaya bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da zai samu a bakin teku ba, shi ya sa kai yake sarawa, ƙirji yake zafi, ƙafa take nauyi.

Abin mamaki, 'yan tsere sun fi tsoron gangara a kan hawa. Lokacin hawa jiki yana aiki, yana ɗumama kansa. Da zarar an kai sama an juya, feda ta huta, iska mai sanyi ta riƙa dukan rigar ulun da gumi da ruwa suka jiƙa. Yatsu su sandare har mutum ya kasa matse birki, birkin ma roba ce da ke kama ƙarfen wili, in ya jiƙe sai ta riƙa zamewa. Ga kwana a gaba, ga rami mai zurfi a gefe, ga hazo ya rufe ido. In sanyi ya ratsa jiki sosai, mutum ya fara kakkarwa, sannan tunaninsa ya rikice, ya kasa auna nisan kwana, a nan ne ake faɗuwa. Dabarar da suke yi mai arha ce, kafin su fara gangara sai su karɓi tsohuwar jarida a hannun 'yan kallo su cusa a ƙirji cikin riga, ta tare musu iska.

Taɓo kuwa ba sai na yi maka dogon bayani ba, kai da kake bin hanyar kasuwa a watan Agusta. Ni ma lokacin da nake koyarwa a makarantar firamare a ƙauye, sau nawa na tsaya ina sakace laka daga madigadi da tsinken kara. To su haka suke fama, ga yashi yana shiga sarƙa yana cinye ta, ga tsakuwa tana yanka taya. Shi ya sa a tsofaffin hotunan tseren za ka ga kowane mutum ya rataya tayoyin canji a kafaɗa, ya gicciya su a ƙirji, za ka kuma gan su sun saɓa kekuna suna tsallake rafi da ƙafa, fuska duk laka ba a gane wane ne wane. In an sauka zango da yamma, da yawansu su ne bakanikan kansu, sai sun wanke keke sun yi faci sun shafa mai kafin su kwanta, gobe kuma a sake.

Me suke ci? Nan za ka yi dariya. Babban guzurinsu shi ne abin da suke kira panela, wato ruwan rake da aka dafa har ya daskare. Mazarƙwaila ke nan, irin wadda ake yi a ƙasar Zazzau. Su tsotsa a hanya, ko a narka musu cikin ruwan zafi su sha. Sai kuma wata alewa da suke yi da gwaiba. Lokacin da suka fara zuwa Turai da wannan guzuri, Turawa sun yi ta tambayar ko wane irin magani ne.

To yaya aka yi mutanen ƙasa suka san abin da ke gudana a kan dutsen da mota ma ba ta iya hawa? Nan ne abin ya shafi sana'armu, domin rediyo ce ta raini wannan tsere. Akwai wani mai sharhin wasanni mai suna Carlos Arturo Rueda, haifaffen ƙasar Kosta Rika, wanda shi da ma'aikatansa sukan riga 'yan tsere isa gari, a nemi tarho, ko a hau turken waya a jona, ya riƙa ba da labari kai tsaye. Shi ne gwanin laƙaba wa 'yan tsere sunaye. Forero dai an san shi da Zipa, wato sarautar sarakunan yankinsu kafin zuwan Turawan Sifen, aka ƙara masa da kirarin wanda ba ya tanƙwaruwa. Manomin da bai taɓa barin ƙauyensu ba, ta bakin rediyo ya fara jin sunayen garuruwan ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka tuna tseren ya ratsa yankin Tolima da Caldas da kwarin Cauca, wuraren da fitinar ta yi ƙamari, amma jama'a suka fito bakin hanya suna kallo, aka kuma gama lafiya. Tseren bai kashe wutar rikicin ba, wannan sai a 1958 da jam'iyyun biyu suka fara raba mulki a tsakaninsu. Abin da ya yi shi ne ya ba mutanen da ba sa ga maciji da juna abu guda da za su saurara tare.

A 1952 wani Bafaranshe mai suna Jose Beyaert, wanda ya ci lambar zinariya ta tseren keke a gasar Olamfik ta Landan a 1948, ya zo ya cinye karo na biyu, ƙasar kuma ta yi masa daɗi ya zauna shekaru masu yawa. A wannan shekarar ce aka fara ganin wani siririn yaro daga garin Marinilla mai suna Ramon Hoyos, wanda ya koyi keke wajen aikin kai saƙo a birnin Medellin. Saboda yadda yake duƙawa a kan keke yana hawan dutse ba ya tsayawa, aka sa masa suna buzuzun dutse, kuma har yau duk ɗan tseren Kolambiya da ya iya hawa, buzuzu ake ce masa a duniya. Hoyos ya ci tseren sau 5, a 1953 da 1954 da 1955 da 1956 da 1958. A 1955 kaɗai ya cinye zango 12 cikin 18. A shekarar ce wani matashin ɗan jarida ya zauna da shi ya rubuta tarihin rayuwarsa kashi 14 a jaridar El Espectador. Ɗan jaridar nan shi ne Gabriel Garcia Marquez, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1982.

Tsaunukan da suka ɗaukaka Hoyos su ne kuma suka yi masa babban rashi. Ranar 12 ga Yuli 1954 ƙasa ta zabtare a wani wuri da ake kira Media Luna a gefen Medellin. Jama'a suka taru wajen ceto, sai wata zabtarewar ta biyu ta rufta musu, gomman mutane suka rasu, cikinsu har da mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa.

A Janairun 1958 zakaran Italiya Fausto Coppi, wanda ya ci tseren zagaye Faransa sau biyu, ya zo Kolambiya ya kara da Hoyos a tsere daga Medellin zuwa La Pintada da dawowa. Zafin kwari da tsawon hawa suka kayar da Coppi, Hoyos ya yi nasara. Wannan Coppi shi ne ya zo nan kusa da mu, ƙasar Upper Volta wadda yanzu ake kira Burkina Faso, a Disambar 1959, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ya koma gida likitoci ba su gane cutar a kan lokaci ba, ya rasu ranar 2 ga Janairu 1960 yana da shekara 40.

Ka tambayi me suke samu. A takarda dai ba su da albashi. Amma masaƙu da kamfanonin lemon kwalba da sauran ma'aikatu sukan ɗauki gwani aiki, su ba shi keke da lokacin motsa jiki, ya sa rigar da ke ɗauke da sunansu. Akwai kuma kyaututtuka, da karo-karon da mutanen gari suke yi wa ɗansu. Wannan dokar ta hana albashi ta cuci wasu ƙwarai. Martin Emilio Rodriguez, wanda aka fi sani da Cochise, ya ci tseren sau 4 tsakanin 1963 da 1967. A Oktoban 1970 a birnin Meziko ya ci kilomita 47 da rabi cikin awa ɗaya, abin da babu wani ɗan sha'awa da ya taɓa yi a duniya kafinsa, a 1971 kuma ya zama zakaran duniya a Italiya. Amma da gasar Olamfik ta 1972 ta zo a Jamus, sai aka hana shi shiga, wai an gan shi a hoto da rigar wani kamfanin kekuna, saboda haka ya zama ɗan albashi. Bayansa Rafael Antonio Nino daga yankin Boyaca na manoman dankali ya ci sau 6 tsakanin 1970 da 1980, kuma har yau ba a samu wanda ya kamo shi ba.

Sannu ba ta hana zuwa. A 1983 masu shirya tseren zagaye Faransa suka buɗe ƙofa ga 'yan sha'awa, Kolambiya ta aika tawaga. Shekara guda bayan haka, a Yulin 1984, Luis Herrera, wanda ake kira ɗan lambu saboda aikin renon furanni ya taso yana yi a garin Fusagasuga, ya bar manyan 'yan albashin Turai a baya a kan dutsen Alpe d'Huez mai kwana 21. Shi ne ɗan Kolambiya na farko da ya ci zango a wannan tsere, kuma ɗan sha'awa na farko. Daga 1985 ƙungiyar manoman kofi ta ƙasar ta ɗauki nauyin tawagar 'yan albashi, a 1987 kuma Herrera ya cinye tseren zagaye Sifen gaba ɗaya. Daga nan zamanin 'yan sha'awa ya shuɗe, yau masu sana'ar ne suke cika tseren Kolambiya, hanyoyin kuma an shimfiɗa musu kwalta, sai dai hazo da ruwa da sanyin Letras suna nan yadda Forero ya bar su.

Akwai wanda labarinsa zai fi kama da na gidanka. Nairo Quintana, ɗan manomi mai sayar da kayan lambu a Boyaca, da tsohon keke mai nauyi yake zuwa makaranta, kilomita 16 gangara da safe, kilomita 16 hawa in an tashi. Ya ci tseren zagaye Italiya a 2014 da na Sifen a 2016. Sai kuma Egan Bernal, wanda ya tashi a Zipaquira, garin su Forero. Ranar 26 ga Yuli 2019 yana kan gaba a tsaunukan Faransa, sai ƙanƙara ta sauko, laka ta zabtaro ta toshe hanya, alƙalai suka tsayar da zangon suka ɗauki lokacin da kowa ya kai saman mashigin Iseran. Da wannan ya karɓi jagoranci, bayan kwana biyu ya shiga birnin Faris a matsayin zakara yana da shekara 22, mutum na farko daga Kudancin Amurka da ya ci tseren zagaye Faransa. Forero yana raye ya ga wannan rana, sai a 2022 ya rasu yana da shekara 92.

Amma tunda ka ce tsakani da Allah, dole mu faɗi ɗaya gefen. Shi wannan Bernal, a Janairun 2022 yana motsa jiki a kan titi kusa da Bogota ya afka wa wata bas da ke tsaye, ya karye a ƙashin baya da cinya da gwiwa da haƙarƙari, da ƙyar ya sha. Sannan sunayen da na lissafa maka 'yan ƙalilan ne cikin dubban samarin da suka shiga tseren tun 1951. Sauran sun koma gona da kanti da aikin aike, abin da suka tsira da shi lafiyar jiki da labarin bayarwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ba duk wanda ya yi gudun ne ya ci zomon ba.

Saboda haka shawararmu ita ce, kada ka hana shi da faɗa, domin saurayin da aka hana abu a gida yakan je ya yi shi a ɓoye, inda babu mai kula da shi. Ka zaunar da shi ku yi sharaɗi. Karatu da aikin gona ko kasuwa su ne gaba, kamar yadda Quintana da Herrera suka fara, keken makaranta da na aiki ne ya zama na tsere. Ya nemi hular kwano, kada ya hau ba tare da ita ba. Ya duba birki kafin kowace fita. Ban da babban titi da dare, ban da riƙe bayan mota. In hadari ya taso da tsawa ya nemi gida ya fake, kada ya tsaya a fili ko gindin itace, in rafi ya kawo kuma ya jira ya janye. In ya jiƙe cikin sanyi ya sauya tufafi, ya sha abu mai ɗumi. Sannan ku je hukumar wasanni ta jiha a tambayi masu kula da tseren keke, domin yana cikin wasannin da ake yi a gasar wasanni ta ƙasa, a can ne za a auna shi da agogo a san ko gwani ne ko kuwa sha'awa ce kawai. In da rabo, ba sai ya je Kolambiya ba, a nan Afirka ana tseren zagaye Burkina Faso tun 1987, ana na Ruwanda mai tsaunuka tun 1988, kuma a 2024 Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya ya ci zango uku a tseren zagaye Faransa.

Kai kuma Malam, kada ka raina kanka a wannan magana. Mutumin da ya shekara yana ɗaukar buhu a kariya cikin taɓon damina ya san abin da zai koya wa mai son tsere, daga faci har zuwa karanta hadari. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare mu a hanya.

Da fatan mun amsa maka. Sauran masu wasiƙu ku ƙara haƙuri, muna bi ne ɗaya bayan ɗaya.